Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Ƙima: Tsokaci A Kan Yawan Ɗigon Hoto A Fuskar Talabijin Da Waya

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa wajen masu sayar da kayan wuta a kasuwar Jega zai ga kwalayen talabijin a jere, kowanne da wasu haruffa da lambobi a goshinsa. Wannan an rubuta masa HD, wancan 1080, na gaba kuwa 4K. Haka abin yake a shagunan waya na Aliero, inda ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin cikin 2006 suke zuwa ciniki, haka kuma yake ga masu gidajen kallon ƙwallo na Maiyama idan sun tashi sake akwati. Abin da mai saye ya ji a bakin mutane shi ne, lambar da ta fi girma ita ta fi kyan hoto, saboda haka sai ya ƙara kuɗi, wani lokaci ma ya ci bashi, domin kada a ce nasa ya kasa na maƙwabcinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta auna wannan zance a ma'aunin hankali da lissafi. Ra'ayin da take karewa shi ne, ƙarin ɗigon hoto yana da amfani ne kawai har zuwa inda ido yake iya riskarsa, iyakar nan kuwa abu huɗu ne suke yanke ta: girman fuskar, da nisan mai kallo, da asalin hoton da aka turo, da lafiyar idon kansa. A yawancin wuraren da ake kallo a waɗannan garuruwa uku, an riga an kai wannan iyaka tun kafin a zo ga 4K. Amma akwai wani wuri guda da ɗigon yake da rana sosai, wato wajen karatu, wanda kuwa ya shafi ɗaliban Hausa fiye da kowa.

Mene Ne Ɗigon Hoto?

Hoton da ake gani a fuskar talabijin ko ta waya tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu haske, an jera su layi-layi, kowanne da launinsa. Misalinsa kamar ɗinkin hula ne. Mai ɗinki yana zuba zare ɗinki bayan ɗinki har zane ya fito, kuma gwargwadon ƙanƙantar ɗinkin da yawansa, gwargwadon laushin zanen da tsadar hular. Wanda ya riƙe hular a hannu zai iya ƙirga ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya hango ta a kan wani daga ƙarshen sahu a filin Idi kuwa, zane kawai zai gani, ba zai iya cewa ga mai ɗinki ƙanana ga mai manya ba.

Lambobin da ake rubutawa a kwali ƙidayar wannan ɗinki ce. Fuskar da ake kira HD tana da ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, ko da yake da yawa daga ƙananan talabijin masu inci 32 suna zuwa da 1,366 da 768. Wadda ake kira 1080 tana da 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600 ke nan. Ita 4K tana da 3,840 da 2,160, wato ɗigo 8,294,400, ninki huɗu na 1080. Akwai kuma 8K mai ɗigo fiye da miliyan 33, wadda tashar NHK ta ƙasar Japan ta fara watsa shirye-shirye da ita a watan Disamba na 2018.

Dalilin Da Ya Sa Aka Yarda Da Lamba

Jama'a ba su yarda da wannan zance haka siddan ba, tarihi ne ya koya musu. Talabijin ya fara a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ya zo Kaduna cikin 1962, kuma tsarin da aka daɗe ana watsa shi da shi yana da layi 625, waɗanda 576 daga cikinsu ne suke ɗauke da hoto. Finafinan Hausa na bidiyo sun soma da Turmin Danya a Kano cikin 1990, a kan kaset, sa'an nan aka koma faifan bidiyo na CD wanda hotonsa ɗigo 352 ne a kwance da 288 a tsaye, wato kaɗan ya haura dubu 100. Faifan DVD da ya biyo baya yana da 720 da 576, jimla 414,720. Daga nan zuwa 1080 ninki biyar ne cif.

Kowane mataki daga waɗannan, ido ya gan shi ƙuru-ƙuru. Wanda ya saba kallon fim a faifan CD, inda fuskar ɗan wasa kan zama kamar an shafa mata toka da zarar ya ja baya kaɗan, ranar da ya fara ganin wasan ƙwallo na HD bai bukaci kowa ya yi masa bayani ba, gani ya kori ji. To, da yake ƙarin farko da na biyu da na uku duk sun yi amfani, sai zuciya ta ɗauka na huɗu da na biyar ma haka za su yi. Nan ne kuskuren yake. Mai niƙan gari ya san cewa niƙa na farko da na biyu suna raba tsaki da gari, amma da zarar garin ya wuce ta rariya mai laushi, ko an mai da shi inji sau goma harshe ba zai ji wani bambanci a tuwon ba. Ido ma yana da tasa rariyar.

Iyakar Ido

Tun cikin 1862 wani likitan ido na ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ya tsara allon nan mai haruffa manya a sama ƙanana a ƙasa, wanda har yau ake gwada ido da shi a asibiti. Bisa ma'auninsa, lafiyayyen ido yana iya rarrabe abin da faɗinsa ya kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri. Domin a fahimci girman digiri, faɗin wata ranar sha huɗu kamar rabin digiri ne. Ashe ke nan, a wannan lissafi, ido yana iya rarrabe ɗigo kamar 30 idan an jera su daga wannan gefe na wata zuwa wancan. Idan aka juya shi zuwa awon da aka saba, ɗige-ɗige masu faɗin milimita 1 suna haɗewa su zama abu guda ga mai kallo da zarar ya ja baya kamar mita 3.4.

An daɗe ana aiki da wannan ma'auni na ɗigo 60 a kowane digiri. Cikin 2025 sai masu bincike na Jami'ar Kambirij ta Ingila tare da na kamfanin Meta suka buga sakamakon wani gwaji a mujallar Nature Communications, inda suka nuna cewa ido ya fi yadda aka zata kaifi. Sun sami ɗigo 94 a digiri ga hoton baƙi da fari, da 89 ga ja da kore, da 53 kacal ga rawaya da shuɗi mai ja-ja. Wannan bincike ya ɗaga iyakar sama, amma bai kawar da ita ba. Su kansu masu binciken sun bayyana cewa wanda yake zaune mita 2.5 daga talabijin mai inci 44 ba zai ci moriyar dukkan ɗigon 4K ba, balle na 8K. A lissafin da ke tafe za a riƙa kawo ma'aunin biyu, tsohon da sabon, domin kada a zalunci kowane ɓangare.

Lissafin Gidan Kallo Da Na Ɗaki

A ƙaddara wani gidan kallo a Maiyama ko Jega, mai benci goma. Bencin farko yana mita 2 daga talabijin, tsakanin kowane benci da na bayansa kuwa santimita 80, ta yadda na ƙarshe zai kasance a mita 9.2. A ƙaddara kuma talabijin ɗin mai inci 43 ne, wanda faɗin fuskarsa santimita 95 ne.

Idan fuskar 1080 ce, kowane ɗigo rabin milimita ne. A tsohon ma'auni irin wannan ɗigo yana ɓacewa daga mita 1.7, a sabon kuwa daga mita 2.7. Ma'anar haka ita ce, duk wanda ya wuce mita 2.7 ya riga ya daina ganin ɗigon 1080, saboda haka ko an raba kowane ɗigo gida huɗu aka mai da fuskar 4K, babu abin da zai ƙaru a idonsa. A gidan nan mai benci goma, mutanen bencin farko ne kaɗai suke da damar ganin bambancin, su ma sai masu kaifin ido daga cikinsu. Idan aka sa mai inci 55, iyakar takan koma mita 2.2 a tsohon ma'auni da 3.4 a sabon, wato benci biyu na gaba. Sauran benci takwas sun biya kuɗin shiga daidai da kowa, amma 4K bai san da zamansu ba.

Lissafin yakan sake idan aka gwada tsohon hoto mai layi 576 da na HD. A fuska mai inci 43, kaushin tsohon hoton yana bayyana har zuwa mita 3.2 a tsohon ma'auni, ko mita 5 a sabon, wato benci huɗu. A mai inci 55 yana kaiwa mita 6.4, benci shida ke nan. Ashe mai gidan kallon da ya bar tsohuwar dikoda ya koma wadda take kawo HD ya yi wa rabin jama'arsa alheri, wanda kuwa ya bar 1080 ya koma 4K bai amfani kowa ba sai 'yan gaba.

Mutumin bencin ƙarshe shi ne ya fi cancantar a duba halinsa. Daga mita 9.2, fuska mai inci 43 ba ta cika digiri 6 a idonsa ba, saboda haka abin da yake iya rarrabewa daga gefe zuwa gefe bai wuce ɗigo 355 a tsohon ma'auni ba, ko 555 a sabon. Watau dai, komai tsadar akwatin, hoton da yake isa gare shi bai fi na faifan CD na da da wani abin kirki ba. Maganin matsalarsa shi ne a ƙara girman fuskar, ko a rataya talabijin na biyu a tsakiyar ɗakin. Talabijin biyu masu 1080, ɗaya a gaba ɗaya a tsakiya, sun fi wa irin wannan gida amfani bisa ga guda ɗaya mai 4K. Inda 4K zai yi tasiri shi ne gidan da ake haska majigi a bango. A fuska mai inci 100 ɗigon 1080 ya haura milimita 1, ana kuwa iya ganinsa har mita 4 ko 6.

A cikin gida ma haka abin yake. Manomin albasa na Aliero da ya sayar da amfaninsa ya shigo Jega neman talabijin mai inci 32, wanda za a ajiye a ɗaki a riƙa kallo daga mita 3, ya sani cewa ɗigon 720 a wannan fuska yana ɓacewa daga mita 1.9 a tsohon ma'auni, ko mita 3 a sabon. Ko da mafi ƙanƙantar lambar da ke kasuwa ya saya, ya kusa cika mudun idonsa.

Asalin Hoton

Duk lissafin da ya gabata an yi shi ne bisa zaton cewa hoton da ake turowa ya cika ɗigon fuskar. Galibi kuwa ba haka ba ne. Tashoshi da yawa da ake kamawa ta tauraron ɗan'adam har yanzu da layi 576 suke zuwa, manyan tashoshin wasanni kuwa da HD. Idan aka ba talabijin mai 4K hoto mai ɗigo dubu 414, abin da zai yi shi ne ya shimfiɗa kowane ɗigo a kan gurbi ashirin, ya cike tsakani da kintace. Injinan zamani sun gwanance da wannan kintace, suna gyara gefe-gefe su rage kaushi, amma lambar rigar ɗan wasan da kyamara ba ta ɗauko ba, babu injin da zai san ta. Sau da yawa akan ji mai gida yana zagin sabon akwatinsa wai an sayar masa da jabu, alhali laifin na tashar ne ko na wayar da ya haɗa dikoda da ita, domin tsohuwar waya mai kai uku, ja da fari da rawaya, ba ta ɗaukar HD ko kaɗan. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda yake kallo ta intanet kuwa, kowane ɗigo da kuɗinsa. YouTube, inda ake kallon shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So, ya ba da shawarar saurin megabit 20 a sakan domin 4K, da 5 domin 1080, da 2.5 domin 720, da 1.1 domin 480. Idan aka lissafa a kan wannan, awa guda ta 4K za ta ci kamar gigabait 9, ta 1080 gigabait 2 da kwata, ta 720 ɗaya da 'yan kai, ta 480 kuwa rabi. Wasan ƙwallo guda na minti 90 a 4K gigabait 13 da rabi ke nan. Wannan kuwa a ƙasar da Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairu na 2025, bayan cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya sa tayar da janareta ya zama abin da mai gidan kallo yake lissafawa da minti.

Har wa yau akwai matsalar matse hoto. Domin hoto ya yi sauƙin turawa, akan zubar da wani kaso na bayanansa. Masu tura finafinai a waya a bakin kasuwa suna matse fim sosai domin memori ya ɗauki da yawa, tashoshi ma suna matsewa domin su cusa tashoshi da yawa a hanya guda. Hoton da aka matse ƙwarai, da zarar an buga ƙwallo da ƙarfi kyamara ta bi ta da sauri, sai ciyawar fili ta farfashe ta zama murabba'ai. Hoto mai 720 da ba a matse shi da yawa ba ya fi mai 1080 da aka shaƙe kyan gani, lambar da ke kwali kuwa ba ta faɗin wannan.

Hujjar Masu Cewa Sun Ga Bambanci

Akwai masu rantsuwa cewa sun ga bambancin da idonsu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ya kamata a duba inda suka gan shi. A shago mutum yakan tsaya taku ɗaya ko biyu daga fuskar, nisan da ba wanda yake zama a gida, kuma abin da ake nuna masa hoto ne na musamman da kamfani ya ɗauka domin talla, furanni da tsuntsaye masu tafiya a hankali, an ƙure haske da launi. A wannan hali lalle 4K ya fi. Tambayar ita ce ko fifikon zai biyo shi har gida, inda zai zauna a tabarma daga nesa yana kallon labarai.

Na biyu, sau da yawa talabijin mai 4K yakan fi kyau saboda wasu dalilai da ba su shafi yawan ɗigo ba. Kamfanoni sun fi sa gilashi mai kyau da fitila mai ƙarfi da inji mai sauri a cikin masu tsada. Baƙinsu ya fi baƙi, farinsu ya fi fari, launinsu ya fi cika, waɗannan kuwa ido yana ganinsu daga kowane benci. A wuri irin wannan yanki, inda hasken rana yake shigowa ta ƙofa da tagogi da rana tsaka, ƙurar hunturu kuma take kwanciya a kan gilashi, ƙarfin haske da labule mai kauri da tsumman gogewa sun fi ɗigo miliyan shida na ƙari tasiri. Saboda haka wanda ya ce sabon akwatinsa ya fi tsohon ya yi gaskiya, amma ya yaba wa wanda bai yi aikin ba.

Na uku, akan ce ai gaba ake ji, watarana duk tashoshi za su koma 4K. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma yawancin manyan talabijin da kamfanoni suke ƙerawa yanzu, daga inci 50 zuwa sama, da 4K suke zuwa ko an so ko ba a so ba. Wanda ya sami 4K a farashin da ya yi daidai da aljihunsa babu laifi ya saya. Abin da ake ja da shi shi ne mutum ya rage girman fuska, ko ya fasa sayen batir da faifan sola, domin ya kai ga lambar. Ranar da tashoshin suka koma 4K ma, idon ɗan'adam yana nan yadda Allah ya halicce shi, bencin ƙarshe kuma yana nan a mita 9.

Inda Ɗigo Yake Da Rana

Waya daban take, domin kusa da ido ake riƙe ta. Daga santimita 30, tsohon ma'auni yana bukatar ɗigo kamar 290 a kowane inci, sabon kuwa kamar 455. A kan irin wannan lissafi ne kamfanin Apple ya yi tallar iPhone 4 cikin 2010, mai ɗigo 326 a inci. Wayar da ta fi yawa a hannun ɗalibai, mai inci 6.5 da ɗigo 720 da 1,600, tana da kamar 270 a inci. Mai 1,080 da 2,400 a wannan girma tana da kamar 405. Ta farkon ta gaza duka ma'aunin biyu, saboda haka saurayi mai lafiyayyen ido zai iya ganin bambancinsu.

Amma a wane aiki zai gan shi? A fim kaɗan ne, domin hoton yana motsi, launuka suna cuɗanya, fim ɗin kuma an riga an matse shi. A rubutu ne bambancin yake fitowa, saboda rubutu baƙi ne a kan fari, a tsaye yake cik, nan ne kuwa binciken Kambirij ya nuna ido ya fi kaifi. Ga mai nazarin Hausa wannan babbar magana ce. Abin da ya raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bata da ɓata, ɗan lanƙwasa ne wanda a ƙaramin rubutu bai wuce ɗigo biyu ko uku ba. A ajami abin ya fi haka tsanani, domin a rubutun da aka gada a ƙasar Hausa ɗigo guda a ƙasa shi ne fa, ɗigo guda a sama shi ne ƙaf, ga wasula, ga tawadar da ta kwashe shekaru fiye da ɗari tana dushewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ɗalibin da yake karanta littafin da aka ɗauka a hoto awa uku ko huɗu kowane dare, haka ɗalibin injiniya a Aliero mai duba zane, da na kwalejin kimiyyar lafiya a Jega mai duba hoton ƙwayoyin jini, su ne suke da hujjar ƙara kuɗi domin fuska mai laushi.

Daga nan kuma ya kamata a raba ɗaukar hoto da kallonsa. Wanda ya je ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce, irin waɗanda ake adanawa a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko waɗanda suke hannun gidajen malamai a ƙasar Gwandu, ya wajaba ya ɗauka da mafi yawan ɗigon da ya samu, saboda mai karatu zai buɗa hoton ya ƙara masa girma, buɗawa kuwa daidai take da matsowa kusa. Haka ma masu shirya fim. Finafinan da aka ɗauka a kaset a shekarun 1990 sun tsaya a yadda suke har abada, abin da ba a ɗauka ba ba ya dawowa. A ɗauka da yawa domin ajiya, a kalla gwargwadon abin da ido yake iya ci.

Idon Mai Kallo

Ma'aunin 60 da na 94 duka na lafiyayyen ido ne. Binciken makanta da raunin gani da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, a kan mutane masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna cewa babban sanadin raunin gani mai sauƙi da matsakaici shi ne matsalar da tabarau yake gyarawa, babban sanadin makanta kuwa yanar ido. Daɗin daɗawa, kusan kowa idan ya haura shekara 40 ganinsa na kusa yakan fara raguwa. Mutumin da ganinsa ya ragu da rabi, duk nisan da aka lissafa a sama sai a raba shi biyu. Magidancin da yake ganin hoton talabijin ɗinsa dishi-dishi, kafin ya ɗauki kuɗi ya nufi shago, ya kamata ya fara zuwa a gwada idonsa. Mai yiwuwa tabarau na kuɗi kaɗan ya ba shi abin da akwati na dubbai ɗaruruwa ba zai ba shi ba, kuma tabarau zai bi shi har masallaci da gona da kan babur.

Kammalawa

Amsar tambayar ita ce, ƙarin ɗigon hoto yana bayyana ga mai kallo a wasu wurare, ba ya bayyana a wasu, kuma ana iya sanin wanne ne wanne da igiyar awo. Daga tsohon hoto zuwa HD riba ce ga kusan kowa. Daga 1080 zuwa 4K riba ce ga wanda yake da babbar fuska, yake zama kusa, yake samun hoton 4K na ainihi, yake kuma da lafiyar ido, idan ɗaya ya faɗi daga cikin huɗun nan ribar ta tafi. Ga mai karatu a waya ko kwamfuta, musamman karatun Hausa na boko da na ajami, laushin fuska abin nema ne.

Saura aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i. Abin da ya sa lambar kwali take da kwarjini shi ne, ta zo da baƙin harshe, mai saye ba shi da kalmar da zai yi tambaya da ita, mai sayarwa shi ma sau da yawa abin da ya ji yake maimaitawa. Idan malamai da ɗalibai suka tsayar da kalmomi na Hausa ga waɗannan abubuwa, suka kai bayaninsu gidajen rediyo da mutanen Jega da Aliero da Maiyama suke saurare, mai saye zai shiga shago ya tambayi inci nawa ne, daga ina zai zauna, wace tasha zai kama, wuta nawa akwatin yake sha, kafin ya tambayi lambar da ke goshin kwali.